Kibiya tsakanin akwati biyu: me ya sa sauƙaƙa manhajar zane ke taɓa tsofaffin fayiloli

Ka buɗe manhajar zane a burauza, ka zana akwati biyu, ka ja kibiya daga na farko zuwa na biyu. In ka matsar da akwati na biyu, kan kibiyar zai bi shi kamar an ɗaure su da zare. Mai zane bai damu da yadda aka yi hakan ba, kuma bai kamata ya damu ba. Wanda ya rubuta manhajar kuwa ya sha zama yana tambayar kansa: wannan ɗaurin a ina zan rubuta shi? A jikin kibiyar? A jikin akwatin? Ko in ware masa wuri nasa? Duk amsar da ya bayar za ta shiga kowane fayil da mutane suka ajiye daga wannan rana, kuma waɗannan fayilolin ba a hannunsa suke ba. Suna cikin wayoyi da kwamfutocin mutanen da bai taɓa gani ba.

Abin da nake so a gane ke nan kafin mu yi nisa. Kod mallakar mai rubuta shi ne, in ya ga dama ya rushe da safe ya gina da yamma. Bayanan da aka ajiye kuwa na jama'a ne. Mai gyaran manhaja kamar magini yake da aka kira gyaran gidan gado: yana da ikon sauya tsani da cebur ɗinsa yadda yake so, amma ba zai taɓa katangar ɗakin da ake kwana ciki ba sai ya tanadi inda mutanen za su koma da kayansu. Sauƙaƙawar da ta fi amfani a manhajar zane kusan kullum irin ta biyun ce, wato mai taɓa fasalin bayanai, shi ya sa ba a iya raba maganar sauƙaƙa kod da maganar ƙaurar bayanai.

Manhajar da zan kafa misali da ita ita ce tldraw, saboda kod ɗinta a buɗe yake, kowa na iya karanta inda aka yi daidai da inda aka dawo aka gyara. Steve Ruiz ne ya fara ta a 2021, daga baya ta zama kamfani a Landan. An rubuta ta da harshen kod na TypeScript da React, wato kayan gina fuskar manhaja a burauza. Sigar farko tana ajiye zane a tsari na ciki-da-ciki: takarda ɗaya, a cikinta shafuka, a cikin kowane shafi siffofi. Duk aikin da mai zane ya yi, kamar sharewa ko kwafi ko juyawa, yana da nasa umarni da aka rubuta da hannu, wanda ke tanadar yadda abin yake kafin aiki da yadda ya koma bayan aiki, don a samu damar komawa baya. Tsari ne da ke tafiya lafiya lau muddin ayyukan kaɗan ne. Da suka yi yawa, kowane sabon aiki sai ya zo da nasa damar mantuwa: a goge siffa a manta da kibiyar da ke jikinta, ko a dawo da siffa a manta da zaɓin da ke kanta.

Siga ta 2, wadda aka sake rubutawa daga tushe aka fitar a farkon 2024 bayan doguwar gwaji, ta bi wata hanya. Aka zubar da ciki-da-ciki, aka mayar da komai rumbu ɗaya mai cike da katuna, kamar katunan marasa lafiya a ɗakin kati na asibiti. Kowane kati yana da lambarsa da nau'insa. Siffa kati ce, shafi kati ne, hoton da aka saka kati ne, har kyamarar da ke nuna inda mai zane yake kallo kati ce. Siffa ba ta zaune a cikin shafi, sai dai a jikin katinta an rubuta lambar wanda ya ɗauke ta, ko shafi ne ko wata siffar. Da zarar an yi haka, duk wani canji da zai faru a manhajar bai wuce iri uku ba: an ƙara kati, an gyara kati, ko an cire kati.

A nan ribar take, kuma riba ce babba. Komawa baya ya daina zama aikin da ake rubuta wa kowane umarni daban, ya zama juya wannan lissafin kawai: abin da aka ƙara a cire, abin da aka cire a mayar, abin da aka gyara a dawo da tsohonsa. Ajiyewa a burauza ita ma wannan lissafin take saurara. Aika canji ga abokin zane ta intanet shi ma haka. Ayyuka uku da a da kowanne ke da tasa hanya suka koma shan ruwa a rijiya ɗaya. Sannan aka raba katunan gida uku gwargwadon mai su: na takarda, waɗanda kowa ke gani kuma ake ajiyewa, na zaman mutum ɗaya, kamar inda kyamararsa take, da na halarta, kamar inda linzamin abokin zane yake a yanzu, waɗanda ake aikawa amma ba a ajiyewa. Wanda ya taɓa fama da manhajar da in wani ya ja allo kowa sai allonsa ya motsa, ya san darajar wannan rabon.

Akwai wata sauƙaƙawar da na ga ya dace in ambata don a ga bambanci. Kayan zane na tldraw an tsara su a matsayin yanayi-yanayi. Kayan zaɓi, misali, ko dai yana jira, ko an danna kan siffa, ko ana jan ta, ko ana sauya girmanta, kuma kowane yanayi shi ke amsa motsin linzami nasa, maimakon dogon jerin "in kaza ne, in kuma kaza ne" a wuri guda. Gyara ne mai kyau, amma bai taɓa fayil ɗin kowa ba. Ana iya rushe shi gobe a sake wani, ba wanda zai rasa zanensa. Irin wannan gyaran ba ya bukatar dogon shawara. Kuma a lura, sauƙi ba gajartar kod ba ne: babban sashen kod na tldraw mai suna Editor layuka dubbai ne a fayil ɗaya. Abin da ya ragu shi ne yawan hanyoyin da bayani ke iya canzawa, ba yawan rubutu ba.

Yanzu mu koma irin mai tsada. Ɗauki maganar wace siffa ce a sama wace ce a ƙasa. Hanyar da ta fi zuwa wa mutum a kai ita ce jeri: ta farko, ta biyu, ta uku. Matsalar ita ce in ka cusa sabuwa tsakanin ta farko da ta biyu, duk na bayanta sai lambarsu ta canza, siffa dubu ke nan za a gyara saboda guda ɗaya, kuma in mutum biyu suka yi hakan lokaci guda ta intanet sai rikici. Sigar farko ta tldraw ta ba kowace siffa lamba mai iya ɗaukar ɗigo, ta yadda tsakanin 1 da 2 za a sa 1.5, tsakanin 1 da 1.5 a sa 1.25. Dabara ce mai kyau amma tana da iyaka, domin lamba a JavaScript, harshen kod ɗin burauza, tana da gurbi 52 ne kawai na abin da ke bayan ɗigo, saboda haka in aka yi ta raba tazara ɗaya biyu-biyu, bayan sau hamsin da ɗoriya wuri ya ƙare. Siga ta 2 ta koma amfani da haruffa: a1, a2, in ana son tsakaninsu a ce a1V, kuma harafi ba ya ƙarewa, sai dai sunan ya ƙara tsawo. Evan Wallace, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa manhajar zane ta Figma, ya yi bayanin irin wannan dabara ta rabon tazara shekaru kafin haka, kuma Excalidraw, wata manhajar zanen, ita ma ta ɗauke ta a 2024. Kod ya yi sauƙi, to amma duk fayil ɗin da aka ajiye da tsohuwar lamba fa? Dole aka rubuta kod na musamman da ke karanta takardar sigar farko ya sake gina ta siffa bayan siffa a sabon rumbu. An kashe tsohon tsari, amma mai fassara shi ya ci gaba da rayuwa a cikin sabon.

To mece ce ƙaura a aikace? Ɗan ƙaramin aiki ne da ke karɓar kati a tsohon fasali ya mayar da shi sabon fasali, mataki ɗaya tak. Kowane mataki yana da lamba. Duk lokacin da aka ajiye zane, ana ajiye shi tare da takardar shaida da ke cewa kowane nau'in kati yana mataki na nawa. Ranar da aka buɗe fayil, manhaja ta duba shaidar, ta ga ita tana mataki na tara fayil yana na huɗu, sai ta bi da shi ta biyar, shida, bakwai, takwas, tara, ɗaya bayan ɗaya. Ba a tsallake, kuma ba a rubuta hanya ta musamman daga huɗu zuwa tara, domin in aka fara haka hanyoyin za su fi ƙarfin ƙirga. Bayan an gama, sai mai tantancewa ya duba kowane kati ya tabbatar ya dace da fasalin yau kafin a bari ya shiga rumbu. Amfanin hakan shi ne sauran kod ɗin manhajar gaba ɗaya bai san akwai jiya ba. Fasali ɗaya ya sani, na yau. Tarihi duk an tara shi a ƙofa ɗaya.

Kowace ƙaura a tldraw tana iya samun fuska biyu, ta hawa da ta sauka. Ta hawa kowa ya gane amfaninta. Ta sauka ita ce ke ba mutane mamaki: me zai sa a mayar da sabo tsoho? Dalilin zane tare ne. Sabar, wato kwamfutar da ke haɗa masu zane tare, ta koma sabuwar siga da rana, amma akwai wanda shafinsa ke buɗe tun jiya da tsohon kod. In ana so ya ci gaba da aiki ba tare da an katse shi ba, sabar sai ta sauko da kowane kati zuwa fasalin da ya sani kafin ta aika masa, ta kuma hau da nasa in ya aiko. Kuma sauka ba kullum take dawo da abu yadda yake ba. Misali, kaurin launin siffa, wato yadda ake iya hango abin da ke bayanta, a da yana cikin kayan kowace irin siffa daban-daban, kuma daraja biyar kawai yake ɗauka, a rubuce kamar kalma: 0.1, 0.25, 0.5, 0.75 da 1. Aka ga maimaici ne, aka ɗago shi ya zama gurbi ɗaya na dukkan siffofi, lamba ta gaske daga 0 zuwa 1. Hawa ba wuya. Sauka kuwa, siffar da ke 0.6 ba ta da wuri a tsohon fasali, sai a tura ta ga mafi kusa, 0.5. An yi asarar kaɗan, kuma da sani aka yi.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta farin launi. Da aka ƙara fari a jerin launuka, ƙaurar hawa ba ta yin komai, don ba tsohon fayil ɗin da ke da fari balle a gyara shi. Duk da haka aka ba ta lamba, saboda tsohon kod in ya ga launin da bai sani ba zai ƙi katin gaba ɗaya. Saboda haka a sauka ana mayar da fari baƙi. Wannan na nuna cewa ƙara abu ma sauya fasali ne, ba cirewa ko sauya suna kaɗai ba, kuma masu koyo da yawa a nan suke tuntuɓe.

Mafi haɗarin sauyi shi ne wanda suna bai canza ba amma ma'ana ta canza. Dattawa sun ga irinsa a kuɗi. Ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta bar fam ta koma naira, fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Amma kafin ranar, kwabo goma sha biyu ne sule. Kalmar kwabo tana nan a bakin mutane, darajarta ce ta sauya, don haka wanda ya ga "kwabo shida" a tsohon littafin bashi, sai ya san shekarar da aka rubuta kafin ya san nawa ake bin sa. Na taɓa yin irin wannan kuskuren a wata ƙaramar manhajar zane da na rubuta wa wasu ɗalibai. Ina ajiye juyawar siffa da digiri, sai na ga lissafin zai fi sauƙi da radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, na sauya, na bar sunan gurbin yadda yake, kuma ban sa lambar siga a fayil ba tun farko. Siffar da aka juya digiri 90 sai manhaja ta karanta radiyan 90, ta tsaya a karkace wajen digiri 117. Abin da ya fi ciwo, manhajar tana ajiyewa da kanta, saboda haka fayiloli suka cakuɗe, wasu siffofin da tsohon ma'auni wasu da sabo, kuma in na ga 3 ba ni da hanyar sanin digiri uku ne ko kusan rabin zagaye. Wasu zane-zanen da ido muka gyara su ɗaya bayan ɗaya. Layi ɗaya na lambar siga da ya hana duk wannan, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu dawo kan kibiyarmu, domin ita ce ta fi nuna zurfin lamarin. A sigar farko ta tldraw, ɗaurin kibiya da siffa abu ne mai zaman kansa, kowane shafi yana da jerin siffofinsa da jerin ɗaure-ɗaurensa. Da aka sake rubutu, aka shigar da ɗaurin cikin kibiyar kanta: kowane bakin kibiya ko dai wuri ne a allo, ko kuma lambar siffar da ya kama tare da inda ya kama ta. A ido wannan ya fi sauƙi, nau'in kati ɗaya ya ragu. Amma sauƙin na kibiya ne kaɗai. Masu gina nasu manhajoji a kan tldraw suna son ɗaure wasu abubuwan: sitika ta manne a jikin siffa, waya ta haɗa akwatunan lissafi, fil ya riƙe abubuwa biyu. Ba su da hanya, don ilimin ɗauri duk yana binne a cikin kod ɗin kibiya, kuma zuciyar manhajar, wadda bai kamata ta san kowace siffa da sunanta ba, ta cika da "in kibiya ce a yi kaza" wajen sharewa da kwafi da matsarwa zuwa wani shafi. A siga ta 2.2, a 2024, aka sake fitar da ɗauri ya zama kati mai zaman kansa, mai ɗauke da lambar wanda ya kama da lambar wanda aka kama.

Ban ɗauki wannan kai-komo a matsayin abin kunya ba. Ba a san nauyin kaya sai an ɗauka. Abin lura shi ne kuɗin da aka biya. Duk ƙaurar da muka ambata a baya kati ɗaya take karɓa ta mayar da kati ɗaya. Wannan kuwa tana karɓar kibiya ɗaya ta fitar da kati har uku: kibiyar da aka rage wa kaya, da ɗaurin gindinta, da ɗaurin kanta. Ba za a iya yin ta a kan kati shi kaɗai ba, sai an ba ta rumbun gaba ɗaya. Kuma dole ta zo a daidai wurinta a layi: bayan duk gyare-gyaren kibiya da suka gabace ta, kafin duk wani gyaran da za a yi wa katin ɗauri nan gaba. Tsohon tsarin ƙaura, mai ba rumbu lambarsa daban, kowane nau'in kati lambarsa daban, ba shi da bakin da zai ce "wannan sai bayan wancan". Saboda haka kafin a taɓa kibiya, sai da aka sake tsarin ƙaurar kansa a siga ta 2.1. Kowace ƙaura ta samu cikakken suna, kamar com.tldraw.shape.arrow/4, tana cikin jeri mai suna, tana faɗin ko kati take aiki a kai ko rumbu, kuma tana iya ambaton wadda ta dogara da ita a wani jerin. Har ita takardar shaidar da ke jikin tsofaffin fayiloli sai da aka rubuta mata mai fassara, tunda ita ma fasalinta ya sauya. Wato ma'aunin da ake auna tsufan fayil da shi, shi ma ya yi ƙaura.

Akwai kuma wani kuɗin. Ƙaurar da ke bukatar rumbu gaba ɗaya ba ta yiwuwa a kan katin da ke wucewa shi kaɗai tsakanin sabar da mai zane. Wanda ke riƙe da tsohon kod a lokacin irin wannan sauyi ba a iya lallaɓa shi da sauka, sai dai a gaya masa sigarsa ta tsufa ya sake loda shafi. A burauza wannan ɗan abu ne. A manhajar waya kuwa, inda mutum ke iya wata shida bai sabunta ba saboda tsadar data ko ƙarancin wuri a wayar, magana ce babba, kuma mai rubuta manhaja don mutanenmu ya kamata ya auna ta da kyau kafin ya ce zai fasa kati ɗaya ya zama uku.

Ba kowa ya bi wannan hanya ba. Excalidraw, wadda Christopher Chedeau ya fara a Janairun 2020, ba ta da jerin ƙaura masu lamba irin na tldraw. Tana da aikin gyara guda da kowace siffa ke bi ta cikinsa in an buɗe fayil: in gurbi ya ɓace a cike shi da abin da aka saba, in an ga tsohon suna a karanta shi a zuba a sabo. Lambar siga da ke jikin kowace siffa a can ba ta fasali ba ce, ƙirgen sau nawa aka gyara siffar ce, don in mutum biyu suka yi karo a san na wa ya fi sabunta. Siffar da aka goge ma ba a cire ta nan take, ana sa mata alamar an goge, don kada abokin zane ya dawo da ita. Wannan tsari yana da kyawunsa: yana da haƙuri, fayil ɗin da wani ya rubuta da hannu ko wata manhaja ta fitar ba cikakke ba, yawanci zai buɗe. Rauninsa shi ne yana gane tsufa ta kamanni ne, ba ta shaida ba. Muddin suna ya canza zai gane. In ma'ana ce ta canza suna na nan, irin kwabon 1973, ba shi da ido. A ganina, ƙaramar manhaja mai siffofi kaɗan da marubuci ɗaya tana iya rayuwa da hanyar Excalidraw shekaru, in dai an yi alkawarin ba za a taɓa sake ma'anar tsohon suna ba. Amma da zarar wasu sun fara ƙara nasu siffofin a kan manhajarka, kowa da nasa tarihin, ƙaura mai lamba ta zama dole.

Abin da ya haɗa su biyun ya fi abin da ya raba su ban sha'awa, kuma shi ne mutane ke mantawa: a manhajar zane, bai isa a ce bayani ya tsira ba, sai kamannin zanen ya tsira. Da Excalidraw ta sake yadda take lanƙwasa kusurwar akwati, ba ta mayar da tsofaffin akwatuna sabon lissafi ba, ta sa musu alamar "na da", don su ci gaba da fitowa yadda mai su ya bar su. Da tldraw ta sake yadda rubutu ke zama a cikin siffa, ita ma ta mayar da tsofaffin darajojin zuwa wasu masu alamar "na da", kod ɗin zane kuma yana ɗauke da hanyoyin biyu. Hatta karkacewar layin Excalidraw, mai kama da zanen hannu, wadda wani kod mai suna Rough.js ke samarwa, tana da lambar iri da ake ajiyewa a jikin kowace siffa, don kada layin ya sake karkacewa daban duk lokacin da aka buɗe. Mai son tsabtar kod zai ji haushin waɗannan rassan, zai so ya sare su. Ni ina ganin barinsu shi ne daidai. Malamin da ya tsara zanen darasi, ya daidaita kowace kalma a cikin akwatinta, in ya buɗe bayan shekara ya tarar rubutu ya zame ya hau kan kibiya, ba ruwansa da cewa kod ya yi kyau. Garin neman gira an rasa ido.

Wani abin da ke sa aikin nauyi shi ne tsohon bayani ba ta ƙofa ɗaya yake shigowa ba. Akwai fayil ɗin .tldr da mutum ya sauke ya ajiye, akwai abin da burauza ta adana a ma'ajiyarta mai suna IndexedDB, akwai ɗakunan zane da ke kan sabar waɗanda ba a buɗe ba tun bara, akwai kuma abin da aka kwafa daga wani shafi za a manna a wani. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, shi ya sa tldraw ke haɗa takardar shaidar fasali har a cikin abin da aka kwafa. Kowace ƙofa dole ta bi ta wurin ƙaura ɗaya. In ƙaura ta gaza a tsakiya kuma, abin da ya wajaba shi ne a tsaya, a faɗa wa mai zane, a bar asalin bayanin yadda yake. Manhajar da ta kasa karanta fayil ta nuna farin allo, sannan ajiyar kai-da-kai ta rubuta farin allon a kan aikin mutum, ta yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Don haka a kan kwafi ake ƙaura, sai ta kammala an tantance sannan a maye gurbi.

Ƙaurar da ta riga ta fita kuma ba a komawa a gyara ta, ko da an gano kuskure a cikinta, domin akwai fayilolin da suka riga suka bi ta cikinta suna ɗauke da lambarta. Sabuwa ake ƙarawa a gaba ta gyara ɓarnar. A jerin ƙaurar tldraw akwai irin wannan, wadda aikinta kawai ta share adireshin intanet marar inganci da aka bari ya shiga siffofi a baya. Fuskar sauka ce kaɗai ake iya yi wa ritaya, in an tabbata ba sauran mai riƙe da kod mai tsufa haka. Ta hawa tana nan muddin akwai yiwuwar wani ya fito da fayil daga tsohuwar kwamfuta.

A 2025 tldraw ta ƙara rubutu mai ado, mai kauri da jeri da mahaɗa, ta hanyar wani kod na tsara rubutu mai suna TipTap, sai gurbin rubutu ya tashi daga zallar haruffa ya koma ginin sakin layi a cikin sakin layi. Hawa: a ɗauki tsohon rubutu a naɗe kowane layi a sakinsa. Duk siffar da ke ɗaukar rubutu sai da ta samu nata sabon mataki a jerinta. Ni kuma tun bayan abin da ya same ni da digiri, ina da jaka guda a cikin kod ɗina da ban taɓa goge komai a cikinta ba. Duk ranar da zan fitar da sabuwar siga, sai na zana shafi ɗaya mai ɗauke da kowace irin siffa, da juyayyiya, da mai rubutu, da kibiya ɗaure a akwati biyu, in ajiye fayil ɗin tare da hotonsa. Gwajin da ke gudana kafin kowace fitarwa yana buɗe su duka, daga na farko har na jiya, ya zana kowanne ya gwada da hotonsa. Yanzu fayiloli goma sha ɗaya ne a jakar, kuma sau biyu mafi tsufansu yana hana ni fitar da gyaran da na riga na gamsu da shi.